Birkin da Bai Lalace Ba

Ƙanena Delmer Sizemore ya rasu a watan Maris yana da shekara hamsin da ɗaya. Zuciyarsa ce ta tsaya yana sauke buhunan abincin kaji. A wurin jana'iza fasto ya ce marigayin gwanin tseren mota ne a jar ƙasa, amma kwalta ta fi ƙarfinsa. Jama'a suka gyaɗa kai. Ni ban gyaɗa ba. Shekara goma sha biyar ina haɗiye gaskiyar maganar saboda Delmer ne ya roƙe ni. Yanzu ba ya nan, kuma ban yi wa kowa alkawarin shiga kabari da ita ba.

Kawu Hoyt, ƙanin mahaifiyarmu, shi ya riƙe mu bayan mutuwar babanmu. Bakanike ne, kuma shi ya haɗa wa Delmer motarsa ta farko da tarkacen wasu motoci uku. Filin tseren garinmu a arewacin jihar Jojiya da'irar jar laka ce a bayan injin yanka katako. Kafin a fara, Delmer yakan zagaya filin a ƙafa yana caka dunduniyarsa a ƙasa, ya san inda take da danshi da inda za ta bushe ta yi santsi. In ya shiga kwana sai ya jefa motar a karkace, bayanta na neman wuce gabanta, laka na tashi har kan 'yan kallo. Sau bakwai yana cin kofin shekara.

A filinmu in motar mutum ta lalace ba a barinsa shi kaɗai. Kowa zai taho da sifanarsa, har wanda kuke gaba da shi. Na ga ranar da Kawu ya kwance wani ƙarfe daga tasa motar ya ɗaura wa abokin hamayyar Delmer, mutumin ya koma fili ya ci Delmer ɗin. Kawu ya ce to me, ai tsere aka zo yi.

Delmer na da shekara talatin da biyar wani mai motoci, Coy Hargett, ya zo ya ce zai kai shi manyan filayen kwalta, inda motoci masu siffar motar gida ke zagaye ɗari uku ana nunawa a talabijin. Garin ya yi masa liyafa a harabar coci. Ya sayar da motarsa ta jar ƙasa ya tafi.

Ga abin da ba mu sani ba. A waɗancan filaye duk motar da ta samu shiga layin fara tsere ana biyanta wani abu, ko ta zo ta ƙarshe. Hargett ba tsere yake yi ba. Yana neman direba mai gudun da zai shigar masa da mota layi, ya yi zagaye goma ko sha biyu, ya koma gareji ya ce birki ne ko inji, don kada taya ta ci ko mota ta bugu. Ya ce wa Delmer ya yi haƙuri na shekara ɗaya, in hali ya samu zai sake shi ya yi gudu. Mu kuwa muna gida gaban talabijin muna cewa yaron nan ba shi da sa'ar mota.

Shekara ta biyu aka sa tsere a jihar Carolina, tafiyar awa huɗu daga garinmu. Coci ta ɗauki hayar bas, mutum arba'in da shida. Delmer ya bugo min waya.

"Yaya Lorene, ki hana su zuwa. Zafi ake yi, ga tsofaffi."

"Kai ne za ka koya min zafi? Kaji talatin na soya. Ko kunyarmu kake ji, ɗan birni?"

Ya ce, "To ku taho da huluna."

Muka zauna can sama, kowa da rigar da aka buga lambarsa. Ya fara a na arba'in da ɗaya. Cikin zagaye goma ya wuce motoci tara, na ƙirga da yatsuna, kuma mutanen da ke gabanmu da ba su san shi ba suka fara tambayar wane ne wannan. A zagaye na sha biyu ya rage gudu ya sauka. Lasifika ta ce birki.

Kawu Hoyt, mai shekara saba'in da huɗu, ya jawo jakar kayan aikinsa daga ƙarƙashin kujera. Ashe har da ita ya taho.

"Tashi, 'yar nan. Birki ai aikin minti ashirin ne, yaran nan ba su iya ba ne kawai. Yau ba za su ɓata masa rana ba."

Na riƙe shi muka sauko matakala saboda gwiwarsa. Mai gadin ƙofar gareji ya taɓa tsere a filinmu, ya gane Kawu, ya kawar da kai muka wuce.

Mun tarar da motar an riga an tura ta bakin tirela. Babu kowa a ƙarƙashinta. Ma'aikatan na cin burodi da nama. Delmer na zaune kan taya da hular kwanonsa a cinya, da ya gan mu fuskarsa ta canza.

"Kai, ragwaye, ku matsa," in ji Kawu. Ya leƙa ta taga, ya miƙa sandarsa ya danna birki. Ya sake dannawa. Ya durƙusa da ƙyar ya duba bayan kowace taya ko mai na zuba, ya kai tafin hannu kusa da ƙarfen ya ji zafinsa. Ya daɗe a durƙushe.

Hargett ya matso yana goge baki. "Baba, wa ya bar ka ka shigo? Kada ka taɓa min mota."

Kawu bai ko kalle shi ba. "Delmer, birkin nan lafiyarsa lau."

"Na sani, Kawu."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

Ni na buɗe baki. Na gaya wa Hargett abin da yake, da kalmomin da ba na faɗa a coci, har ya kira masu gadi. Delmer ya riƙe min hannu. "Yaya, don Allah. Gara su ce ban iya ba da su ce na ajiye lafiyayyar mota ana tsere."

Da muka koma bas kowa ya taso da tambaya. Kawu ya zauna, ya ɗora jakar a cinya, ya ce bututun man birki ne ya fashe, babu gyara. Ban taɓa jin ya yi ƙarya kan mota ba sai ranar. Aka raba sauran kajin aka ci, wata tsohuwa ta ce za ta sa Delmer a addu'a Allah Ya ba shi mota mai kyau.

Shekara uku ya ƙara yana jiran ranar da Hargett zai sake shi ya yi gudu, sai mutumin ya samu yaro mai arha ya sallami Delmer ta waya. Sauran masu motoci suka duba takardunsa suka ga mutumin da bai taɓa gama tsere ba ko sau ɗaya. Ya dawo gida ya kama tuƙa motar abincin kaji. Mutum biyu sun ba shi motarsu ta jar ƙasa ya tuƙa, ya ƙi. Ya ce min ba zai iya tsayawa ya ga mutane sun taho masa da sifana ba.

Kawu ya yi shekara shida a raye bayan wannan. Shi da Delmer ba su yi faɗa ba. Delmer na zuwa duk Lahadi ya yanke masa ciyawa, su zauna a baranda su yi hirar ruwan sama da farashin masara. Mota dai ba su sake ambata ba. Da ciwo ya kwantar da Kawu, Delmer ne ke yi masa aski da wanka. Wata rana ina kicin na ji tsohon ya ce, "Motoci tara cikin zagaye goma, da tsofaffin tayoyi." Delmer ya fita waje ya tsaya bayan rumfa, har na kwashe abinci bai shigo ba.