Mai Aron Murya da Maganar da Ya Ce Tasa Ce

Haihuwa da karatu

An haifi marigayin da aka fi sani da Mai Aron Murya a shekarar 1941, a wani gari na bakin layin dogo, mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa ɗinki take yi a gida. Ya shiga makaranta a 1948, inda ya sha bulala ba adadi saboda kwaikwayon tarin shugaban makarantar, amma dukan bai hana shi ba.

Aiki da iyali

A 1963 gidan rediyo ya ɗauke shi mai karanta sanarwa, kuma a 1968 ya ƙirƙiro shirin barkwanci na mako-mako mai suna "Ga Irinku", inda yake siffanta mutum guda da muryarsa da halinsa, kamar direban da ya fi kowa sanin hanya amma kullum sai ya ɓata. Ƙa'idarsa ita ce ba ya ƙago magana daga kansa. Yakan zauna a tasha ko bencin asibiti ya kasa kunne, sa'an nan ya buɗe shirin da cewa, "Jama'a, ban ƙara gishiri ba, daga bakinku na ɗauko." Bai taɓa ambaton sunan mai bakin ba. Ya yi aure a 1965 da wata malamar makaranta, Allah ya azurta su da zuriya.

Shekarar jarrabawa

A 1977 ya gabatar da wani tsoho mai ƙorafi da ke cewa mai mulkin garin ya yanke ƙyalle ya buɗe famfo, aka yi tafi, sai iska ta fito. Gari ya ɗauka, har yara na rerawa a titi. Maganar kuwa ta mai askin da yake zuwa wurinsa ce, mutum mai iyali da yawa, wanda ya faɗe ta yana wasa aska, ya kuma manta.

Hukuma ta kira shi wani ɗaki mai tebur ɗaya, aka kunna masa muryarsa yana alfaharin cewa daga bakin jama'a yake ɗaukowa. Wani jami'i ya ce, "Malam, ba kai muke nema ba. Faɗi mai bakin, ka tafi gida ka ci abinci." Ya san idan ya faɗa, ba za a ƙara ganin mai askin a shagonsa ba, sai ya ƙi faɗa. An tsare shi watanni, matarsa na kai abinci ana mayar da ita daga ƙofa, tsoro ya hana abokan aiki taka gidansa. Daga ƙarshe ya ce maganar tasa ce, shi ya ƙaga. Aka gindaya masa sharaɗi ya faɗi haka a rediyo, ya kuma yarda duk shirye-shiryen baya ƙage ne. Ya karanta sanarwar, a ranar aka sallame shi daga aiki.

Shekarun ƙarshe

Ya koma teburin mahaifinsa yana gyaran agogo, masu sauraronsa na jiya suna nuna shi da baki. Bai sauya mai aski ba. Shi kuwa mai askin, askar na kan wuyansa, yakan ce, "Ashe duk shekarun nan ƙarya kake zuba mana? Wallahi ka ba ni kunya." Amsarsa ba ta wuce "A yi haƙuri" ba. Abin ya ci masa rai ƙwarai, matarsa kaɗai ya gaya wa gaskiya.

Rasuwa

Ya rasu a 1999 bayan gajeriyar jinya, aka binne shi a maƙabartar bayan tasha. Mai askin, da tsufansa, ya halarci jana'izar, ya ce ya yafe masa ƙaryar. Shi ma ya rasu a 2001 bai san gaskiya ba, sai bayan nan matar Mai Aron Murya ta bayyana ta. Marigayin ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: auta mai aikin jinya, na uku direba, ta biyu malamar makaranta, sai babban ɗansa da aka cire daga makaranta a shekarar tsarewar, wanda mai askin ya koya wa sana'a don tausayin ɗan maƙaryaci. Allah ya jiƙansu, shi da mai askin.