Wadda ta riƙe musu yara

Kumatu muke ce mata tun muna yara, don ko ciwo ta yi fuskarta ba ta faɗawa. Ɗakinta na kallon nawa. Ni ɗinki nake yi, ita kuma shara take yi a makarantar ƙananan yara. Wani kamfani ne ya ɗauke ta ya tura ta can. Tana da asma, kullum abin shaƙarta na ƙulle a bakin zani, amma bai hana ta surutu ba. In ta dawo sai ta zauna kan buhun ƙyallayena ta kwashe labarin kowane yaro ta ba ni, har wanda ya yi fitsari a wando.

Da annoba ta ɗan lafa aka buɗe makarantu, sai masu bincike suka zo. Suna son su gano ko yaran da aka yi wa riga-kafi suna ɗaukar cutar su kai wa wasu. Ban ce aikin banza ba ne, ni ma ina da jikoki. Suka yi wa yara allura da yardar iyaye, suka yi wa malamai. Daga nan duk mako sai su zo su zura tsinken auduga a hancin kowane yaro.

Yara kuwa suka ce ba su san zancen ba. Da sun hango fararen riguna da fuskoki a rufe sai ihu. Wata rana Kumatu ta jingine tsintsiya, ta ɗora wani a cinya, ta ja takunkuminta ƙasa ta kumbura masa kumatu. Ya yi dariya, aka zura tsinken, aka gama.

Shi ke nan ta samu aikin da ba a ɗauke ta ba. “A kira Inna!” Yaro bayan yaro, a ɗakin da tagarsa ɗaya, kowanne ya yi mata atishawa a fuska. Su suna rufe har ido. Suna kallonta baki a buɗe, ba wanda ya ce, Inna, mayar da takunkuminki. Ai aikinsu na tafiya.

Na ce mata, “Ke, mahaukaciyar ina ce? Da wannan ƙirjin naki mai kukan ƙyaure?”

Ta ce, “Tela, in na rufe fuska ba sa gane ni. Kuma likitansu ya ce za a yi mini allurar.”

Ta tambaya, ba ta yi shiru ba. Likitan ya ce allurar da suka kawo ta yara ce da ma'aikatan makaranta, ta je ta ga shugabar makarantar. Shugaba ta ce ita ma'aikaciyar kamfani ce. Kamfani ya ce ta je asibiti, asibiti aka ce layi bai zo kan masu shekarunta ba. Ta dawo wurin likitan, ya ce, “Inna, mako mai zuwa.” Ta zauna, aka miƙo mata yaro.

Zazzaɓi ya fara, sai tari. 'Yarta, wadda muke kira Auta, ita da ni muka kai ta asibiti, aka tsayar da mu a bakin ƙofa. Abin da ta faɗa mini na ƙarshe, tana jan numfashi da ƙyar, wai in gaya wa masu binciken yaron nan mai giɓi ba ya son a riƙe masa kai. Haka ƙawata ta tafi, ban riƙe hannunta ba.

Ba a daɗe ba kamfani ya ba Auta gurbin uwarta. Ta karɓa, tana da 'ya'ya. Ranar gwaji na rufe keken ɗinkina na bi ta. Ina shiga na same ta zaune, yaro a cinya, hannunta ya kai kan takunkumi.

Na ce, “Sauke yaron nan.”

“Gwaggo, don Allah, za su kore ni.”

Likitan ya taso. “Baiwar Allah, wallahi mun ji mutuwar Inna ƙwarai.”

“Kun ji? To ga 'yarta. Ku yi mata allurar yanzu, ko in tsaya a ƙofar nan in gaya wa duk uwar da ta zo ɗaukar ɗanta yadda aka yi.”

Ya dubi nas, nas ta dubi ƙasa. Ta buɗe kular allurai da ke gefen kujerar, ta zuƙo, ta soka wa Auta. Ko minti ba a yi ba. Abin da Kumatu ta yi ta yawo a kansa ke nan, yana nan kusa da ƙafarta.

Nas ta ce sai an kwana biyu kafin allurar ta kama jiki. Na ce to sai a kwana biyun su gan ta.

Likitan ya ce, “Yaran fa? Wa zai riƙe su?”

Na ce, “Kai ba ka da cinya?”

Na ja hannun Auta muka fito. Tana kuka, ni ma ina yi.