Tsororon Mudun Nna

Wasu in an ce tsororo, kan dutse suke tunawa, ko ƙololuwar ɗaki. Ni kuwa shinkafa nake gani, wadda ke taruwa ta yi tsini a saman mudu bayan ya cika. Mahaifiyata, da muke kira Nna irin na mutanen Bida, awon shinkafa take yi a kasuwar Minna tun ban san kaina ba. Takan yi ta zubawa da tafin hannu har tsinin ya tsaya cak, sannan ta juye wa mai saye. Takan ce, "Mudu haƙƙinsa ne, tsororo kuwa mutuncina."

Da tsufa ya zo, hannunta ya fara rawa. Tana ɗora tsororo sai ya rushe. Ni ce na hana ta kasuwa, na ɗauko ta zuwa gidana a unguwar Shango. Ta roƙe ni in bar ta ta koma, na ce sam, sai ranar da hannun ya daina rawa. Wallahi na faɗa ne kawai don a bar maganar. Ashe ita ta riƙe.

Wata ranar Asabar na dawo daga aiki a gajiye, na tarar da ita zaune a ƙofar kicin da tsohon mudunta, ta kwance buhun shinkafata. Tsakar gida duk ta yi fari, kaji suna ta shagali. Ni kuma zuciya a kusa take.

"Haba Nna! Wace irin ɓarna ce wannan? Sai ka ce ƙaramar yarinya!"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Gwadawa nake, 'yar nan. Kin ce in ya tsaya zan koma."

Na fizge mudun, na jefa shi saman kabad, na ɗauki tsintsiya ina ta mita. Ba ta sake tambayarsa ba. Kafin sabuwar shinkafa ta shigo daga Wushishi, Allah Ya karɓi abarsa.

Bayan sadakar bakwai na sauko da mudun. Na zauna inda ta zauna, na zuba, na zuba. Hannuna lafiya lau, amma sau biyar tsororon yana rushewa. Ban iya ba, ban taɓa iyawa ba, kuma ni ce na tsaya a kanta ina mata tsawa. Kaicona. Da na sani, da na durƙusa na riƙe mata hannun nan sau ɗaya.