Ƙahon da Iya Dije ta danne da dutse

Har yau idan na kusantar da ƙaho ga garwashi, ƙaurinsa ya bugi hancina, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na ƙauye, can gefen Tofa, a shekarun fari. Ni ba wanzami ba ne. Tsofaffin asake kawai nake tsinta a kasuwa, in kankare tsatsar, in yi musu ƙota da ƙaho, in jera su a ɗaki. Iyalina sun gaji da tambayata amfanin hakan.

A waccan shekarar geronmu ya bushe tun bai fitar da kai ba. Baba, wanda yake noma yana taɓa wanzanci, ya rataya zabirarsa ya tafi ci-rani kudu. Aska ɗaya ya bari, mai ninkewa, wadda ya gada, saboda ƙotarta ta tsage. Ni kuwa tun ina ƙarami mai zullumi ne. Duk wanda ya dawo daga kudu sai na tare shi da tambaya, kuma babu wanda ya ga Baba.

Kakata Iya Dije, mahaifiyar Baba, ita take tara mu bayan isha'i, a gefen wutar kara. Sanmu na noma ya rame har aka yanka shi kafin ya faɗi, ta hana a yar da ƙahonsa. Wani dare ta tsaga shi, ta shafe shi da mai, ta tura shi cikin toka mai zafi, tana juyawa. Da ya yi laushi ta shimfiɗa shi, ta sa muka turo dutsen niƙa a kai. Ta ce ƙota za ta yi wa askar ɗanta, kada ya dawo ya tarar da ita a haka.

Na tambaye ta ko zan iya ɗaga dutsen in duba.

"Kai dai maigidana, da za a buɗe cikinka, fargaba ce zalla," in ji ta. "Zauna. Ga wata tatsuniya nan ta iso ƙofa, a shigo da ita?"

Muka ce a shigo da ita.

Ta ce wata yarinya ce take da sa, rijiyoyin garinsu suka ƙafe. San ya ce zai tafi neman ruwa. Ya cire ƙahonsa ɗaya ya ba ta, ya ce ta gasa shi ta danne da dutse, ranar da ya miƙe sumul, ranar zai dawo. Yarinya ta danne. Amma kullum da asuba sai ta ɗaga dutsen ta leƙa, iska ta shiga, ƙahon ya sake nannaɗewa. San kuwa duk lokacin da ta ɗaga, sai hanyar gida ta karkace masa, ya koma daji. Haka suka yi ta yi, har ranar da uwarta ta kwanta ciwo, aikin gida ya sha kanta, ga daka, ga itace, ta manta da dutsen. Tana tankaɗe wata safiya ta ji numfashi a bayanta, ga san, ƙafafunsa jage-jage da laka.

Sauran yara suka yi ta murna. Ni na ce to idan san ya mutu a hanya fa?

Iya ta daɗe tana tona wutar. Sannan ta ce, "Ko da ya mutu, ɗaga dutsen ba zai tashe shi ba. Kai dai ka ɗebo min ruwa gobe."

Na ɗebo. Na yi ta zagaye dutsen nan kamar kaza, hannuna yana ƙaiƙayi, amma ban taɓa ba. Da ta ɗaga da kanta, ƙahon ya miƙe sumul. Ta fere shi da wuƙa, ta goge da yashi da toka har ya yi sheƙi, maƙeri ya haɗa shi da askar, ya buga ƙusa.

Baba bai dawo da damina ba. Sai wata daminar ya shigo, a rame, Iya kuwa tana kabari tun rani. Da aka miƙa masa askar ya buɗe, ya rufe, ya shafa ƙotar da babban yatsa. Bai tambayi wanda ya yi ba. Washegari ya zaunar da ni a kan turmi ya aske min kai da ita.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar don ni aka yi ta, a kwantar wa yaro mai zullumi da hankali. Sai da ɗana ya tafi neman abinci nesa, na kwana ina sauraron motsin ƙofa, sannan na gane. Iya ma nata ɗan ne a hanya. Ta nemi abin da za ta ba hannuwanta ne, don kada mu gane fargabarta. Zullumin bai bar ni ba har yanzu. Idan ya taso sai in ɗauko ƙaho in hura garwashi, ina ma a ce tana gefe tana min tsiya.