Rigar da Elda Huanca Ya Ƙone

Duk wanda ya shiga shagon Nazario Huanca a gangaren kasuwar Potosí, a ƙasar Bolibiya, zai ga farar riga rataye a bango, can sama da keken ɗinki, inda hannu ba ya kaiwa. Ba ta sayarwa ba ce. Ko ta sayarwa ce ma ba mai saye, don ta koɗe, kuma tumbin Nazario ya daɗe da fin ƙarfinta. In ka tambaye shi sai ya ce aikin wani tsoho ne, ya ci gaba da taka keke. Tun yana yaro haka yake, sai an yi da gaske ake jin muryarsa.

Ubansa ramin ma'adinai ne ya cinye masa huhu, uwarsa Doña Eulalia ta raine shi da allura da zare. Da ya kai shekarun da samarin cocin Mormon ke tafiya wa'azi na shekara biyu, sai aka tura shi Ajantina, wani ƙaramin gari a bakin kogin Paraná. 'Ya'yan masu hali kanti ake kai su a sayo musu fararen riguna a leda. Shi mutanen coci ne suka tara masa kwancen nasu, uwarsa kuma ta ce ba za ta bari ɗanta ya fita duniya da kayan mutane kaɗai ba. Ta sayi yadi ta ɗinka masa guda da hannu, ta zana ɗan tsuntsu da jan zare a cikin wuyan, wai don kada ta ɓace a wajen wanki.

Ajantina ta ba shi wuya, ba ƙarya. Yaron da ya tashi a sanyin tsauni, ga shi cikin zafin da ke narka kwalta, ga sauro. Daga safe zuwa yamma suna kan ƙafa, da baƙin allon suna a ƙirji, su tsaya a bakin shinge su tafa hannu, kare ya fara amsawa kafin mai gida. Mafi yawa daga taga ake korarsu. Wasu kuwa da sun ga fuskarsa sun gane ɗan Bolibiya ne, sai su tambaye shi nawa yake sayar da tumatir, don da sayar da kayan miya suka san 'yan ƙasarsu. Kowa Elda Huanca yake ce masa, wato dattijo, shi da ko gemu bai gama tsiro ba.

Abokin aikinsa Elda Tolman ne, wani ƙaton Ba'amurke ɗan manoman dankali, mai kirki da surutu. Doka ce kada ɗayansu ya ɓace wa ɗaya da gani. Tolman yana kakkarya Sifaniyanci amma bakinsa ba ya hutawa, Nazario ya iya harshen amma bakin ba ya buɗewa. Shekara ta kusa cika ba wanda ya karɓi baftisma ta hannunsa, har ya fara shirya abin da zai gaya wa shugaban mishan don a mai da shi gida. Abu ɗaya ne ya riƙe shi a garin, shagon wani tsohon tela mai suna Don Fermín Ojeda.

Ranar da suka fara tafa hannu a shingensa, tsohon bai dubi fuskokinsu ba, rigar Nazario ya ƙura wa ido.

"Kai ɗan tsauni, matso. Juya baya. Wa ya yi maka wannan?"

"Mamata ce, ranka ya daɗe."

"Da allura ta kafa hannun nan, ba keke ba. An daina irin wannan aikin. Ku shigo, amma littafinku ya zauna a jaka. Ni ɗan Katolika ne, a haka za a binne ni."

Daga nan duk lokacin da aka ware musu na taimakon jama'a, shagon suke zuwa. Tolman ya yi shara ya gyara rufi, Nazario ya riƙa zura wa tsohon zare a allura, don idonsa ya fara gajiya. Don Fermín yana tsotsar ruwan ganyen mate, shayin ƙasar, a ƙoƙonsa, yana yi musu tsiya don shugabansu ya hana su sha. A wannan shagon ne kawai Nazario yake hira, har da dariya. Da wuyan rigar da uwarsa ta ɗinka ya cinye, tsohon da kansa ya cire shi ya sa sabo, ya kuma kusa marin Nazario da ya yi zancen biya.

To akwai wata al'ada ta 'yan mishan, ba dokar coci ba ce, shirmen samari ne da suka gada daga na gabansu: ranar da mutum ya cika shekara a wa'azi, sai ya ƙone riga guda. Ranar Nazario ta faɗo Litinin, ranar hutunsu. Sauran samarin yankin suka taru a bayan gidansu da rana, ana gasa nama.

"Wacce za mu aika lahira, abokina?" in ji Tolman.

"Har sai an tambaya?" in ji wani ɗan birni a cikinsu. "Ɗauko ta ƙauyen nan mana, mai kama da labulen kaka."

Aka fashe da dariya, Nazario ma ya yi. Gaskiyar magana, tun a makarantar horon 'yan mishan yake jin kunyar rigar nan a tsakanin masu fitowa daga leda, kuma yana so ko sau ɗaya ya zama ɗan gari a cikinsu. Ya shiga ya ɗauko ta. Aka rataya ta a sandar tsintsiya, aka yayyafa kananzir, shi da hannunsa ya ƙyasta ashana. Ana ta ɗaukar hoto.

Don Fermín ya daɗe yana tafa hannu a bakin shinge ba a ji ba, sai ya zagayo da kwanon gurasar rogo da ya kawo musu. Ya tarar wuta ta ci gaban rigar ta kama sabon wuyan. Ya tsaya yana kallo har ta zube.

"Al'ada ce, Don Fermín," in ji Tolman. "Ya cika shekara."

Tsohon bai kula shi ba, Nazario yake duba. "Ni ba aikina nake ji ba, yaro. Matar nan nake ji, da ta zauna tana ƙona idonta." Ya ajiye kwanon a kan katanga ya tafi.

Ƙofar shagon ta rufe ke nan. Su zo su tafa hannu, suna jin ƙarar keke a ciki, ba mai leƙowa. Tolman ya yi ta ba da haƙuri, yana cewa laifinsa ne, amma Nazario ya san wanda ya ƙyasta ashana. Da ya kira gida, uwarsa ta tambaye shi ko rigar tana nan da ƙarfinta, ya ce layin ba ya fita sosai. Sai kuma labari ya zo cewa za a sauya masa gari. Ya yanke a ransa, in har ya bar nan tsohon yana fushi da shi, to ba wani gari zai tafi ba, gida zai koma. Wa zai yi wa wa'azin tuba, shi da ya kasa shirya tsakaninsa da mutum ɗaya da ya buɗe masa ƙofa?

Magana dai ba ya iyawa, don haka bai gwada ta ba. Ya bi samarin nan ya karɓi duk tsofaffin rigunan da suka ware don wuta, ya cusa a buhu, ya je ya zauna a gefen titi daidai tagar Don Fermín, ya fara faci. Tolman, da doka ta hana shi matsawa, ya tsaya a kansa da lema kamar dogari. Mutane suna wucewa suna kallo. Shi kuwa ɗinkin, Allah ya sawwaƙe. Ɗan mai ɗinki ne, amma zura zare kawai ya iya.

Ranar farko labule bai motsa ba. Washegari ya ɗan motsa. Ana cikin haka wata rana ƙarar keke ta tsaya, tsohon ya fito da almakashi a hannu, ya fizge rigar ya ɗaga ta a rana.

"Wannan wace irin ta'asa ce a ƙofar shagona? So kake a ce ni na yi? Buhun gawayi kake ɗinkewa?"

"Ban iya ba ne, Baba."

"Ai na gani. Uwarka ta ga wannan sai ta yi kuka sau biyu."

"Ban gaya mata ba. Kunyar rigar na ji a gabansu, Baba. Yanzu kunyar kaina nake ji."

Don Fermín ya shiga farke facin da bakin almakashi. Can ya ce, "Tashi ka shiga, ka zubar min da mutunci a titi. Kai ma ƙato, naɗe lemar nan, ba sarki ka rako ba."

Kwanakin da suka rage, a kan buhun nan suka ƙare. Tsohon ya koya masa juya wuyan riga da kafa hannu, yana yi yana faɗa. Wata rana ya ja shi tsakiyar shago ya zagaya masa tef ɗin awo a kafaɗa da wuya, bai ce don me ba.

Ranar tafiya Don Fermín ya same su a tashar mota da ƙunshin takarda. Farar riga ce sabuwa, hannunta kafe da allura, aikin da idonsa ya daɗe da dainawa. Nazario ya juya wuyan, sai ga ɗan tsuntsun jan zare, an yanko shi da ƙyallensa an dasa a ciki.

"Tsohon wuyan da na cire ne," in ji Don Fermín. "Tela ba ya zubar da ƙyalle. Wannan in ka ƙone ta, har tsauninku zan biyo ka."

Nazario ya cika shekararsa ta biyu, kuma an ce a sabon garin bakinsa ya buɗe. Don Fermín bai taɓa leƙa cocinsu ba, ɗan Katolika aka binne shi kamar yadda ya faɗa. Sana'ar da ya fara koya wa yaron a kan buhu ita take ciyar da Nazario da iyalinsa har yau. 'Yan mishan da ke Potosí sun san hanyar shagon: wanda ya cika shekara, nan yake kawo rigarsa, Nazario ya juya mata wuya ya ba wani ɗan talaka da ke shirin tafiya.

Ranar da ya dawo gida, da rigar a jikinsa ya sauka. Doña Eulalia ta rungume shi, sannan, da yake mai ɗinki ce, ta kama wuyan ta juya. Ta ga tsuntsunta. Ta bi ɗinkin kafaɗa da ɗan yatsa a hankali, ta gane ba nata ba ne. Nazario ya buɗe baki zai fara ba da labarin ashana, ta riga shi.

"Wane ne ya kula min da kai a can?"