Baƙon da ya ƙi a auna hannunshi

Ina zaune a maƙerarmu ta Sheme ina shafa wa ƙotar bindigar toka man kaɗanya, sai ga wani baƙo, wai birai sun addabi gonarshi, bindiga yake so.

Na ɗauko igiya in auna shi, don mu daidai hannun mai ita muke sassaƙa ƙota. Sai ya ja da baya.

"Bar awon nan, saurayi. Yi mini shida, tsawo ɗaya."

Na ce, "Malam, gona ɗaya, bindiga shida? Turo masu su in auna a gaban mai unguwa."

Ya yi dariya ya hau babur, ko garinsu bai faɗa ba.

Ƙila manomi na kora. Ƙila kuma da na ƙera, garinmu 'yan fashin daji za su juyo da su. Ku da kun yi mishi?