Tuwon da na kai zaure

Da na ajiye ƙwaryar tuwon nan nesa da hannunsa, da yanzu yana raye? Na tambayi malamai, sun ce kwana ne ya ƙare. Zuciyata dai ba ta kwanta ba.

Tun shekarar da aka cire mana Kebbi daga Sakkwato mai gidana yake fama da ƙwannafi. Masunci ne, amma ko romon kifi ya sha sai ƙirjinsa ya kama wuta, ruwa mai tsami ya taso masa har maƙogwaro. Jiƙon kanwa ya sha har ya gaji. Da ɗanmu ya yi ƙarfi, sai ya kai shi babban asibiti a birni. Ba su tsaga cikin ba. Huda biyar suka yi masa, ƙanana kamar shaushawar wanzami, suka zura ƙarfe mai ido suka matse bakin tumbin. Likita ya ja mini kunne: kunu da ruwa-ruwa kawai, har ciki ya warke.

Muka dawo Bagudo. Duk mai zuwa dubiya sai ya ɗaga masa riga, a yi dariya, a ce ai ko ƙaho ya fi wannan ciwo.

Kwana tara da aikin, wansa ya iso daga ƙasar Benin da bandar kifi. A gidansu mai gida ba ya barin baƙo ya sa hannu a ƙwarya shi kaɗai, balle wa. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kai zaure tare da kunun mai gidana, na laɓe bayan zana. Ina jin wan yana tsokanarsa, wai mace ta mayar da shi jinjiri. Na ga mai gidana ya ture kunun, ya sa hannu a tuwon. Na buɗe baki, kunyar wan miji ta rufe mini shi.

Loma uku ya yi. Sai yunƙurin amai, aman kuma ya ƙi fita. Ya dafe ƙirji, gumi yana tsiyaya.

Kafin a samo motar da za ta mayar da mu asibiti la'asar ta yi. Na ɗora kansa a cinyata, kowane rami muka faɗa sai ya matse mini yatsu. Ba mu yi rabin hanya ba ya jawo mayafina, na sunkuya.

Ya ce, “In yaran suka tambaya, ki ce ba ki nan. Ni na ɗiba da hannuna.”